Rasuwar Mai Kunne Ɗaya, Ɗan Aiken Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙurar saman kabad, iyalan shagon ɗinkin da ke ƙarƙashin bene suna sanar da 'yan uwa, abokan arziki, kwastomomi, da maƙwabtan da suka daɗe suna shan intanet ɗin shagon ba ko sallama, rasuwar ɗan aikensu, farin rauta mai 'yan fitilu a goshi, wanda aka fi sani da Mai Kunne Ɗaya. Ya rasu a bakin aiki, a tsaye, bayan doguwar jinyar da kowa ya gani amma babu wanda ya kai shi asibiti.

Ga wanda bai san marigayin ba, ɗan akwatin nan ne mai eriya da ke raba waifai. Ga wanda ya san shi kuwa, ba sai an faɗa ba. Babbar mai makoki ita ce Auta, ƙaramar 'yar mai shagon, wadda ta ɗauko shi daga kwalinsa yana jariri, ta sa masa kalmar sirri, ta ɗora shi saman kabad ɗin da ke gindin matakala, domin nan ne kaɗai wurin da muryarsa ke kai wa sama da ƙasa a lokaci guda. Har yanzu in ta wuce wurin sai ta ɗaga kai.

Marigayin ya shigo gidan ne a lokacin da gidan ke cikin wani hali. Baba, mai shagon, telan da rabin layin suka koyi riƙe almakashi a hannunsa, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Ciwon ya karɓe harshe da hannu da ƙafar dama, ya bar masa hannun hagu, kunne biyu, da faɗansa cikakke babu abin da ya ragu. Ɗakinsa yana sama, daidai saitin shagon, matakalar kuma siririya ce mai tsayi, irin wadda mai lafiya ma sai ya yi shawara da gwiwarsa kafin ya hau. Baba yana jin komai ta ƙasan ɗakin. Yana jin keken da bel ɗinsa ya saki, yana jin wanda ya daina taka keke ya koma hira. Yana ji, ba ya iya cewa komai. Duk wanda ya san Baba ya san wannan ya fi ciwon zafi.

An gwada takarda da biro. Rubutun hagu ya fito kamar kyankyaso ya faɗa tawada ya yi yawo. An gwada waya. Maɓallan sun yi wa yatsansa ƙanana, wayar babban ɗansa, Yaya Babba, kuma kullum tana caji a shagon wani. Sai Auta, wadda ke karatun kwamfuta, wadda har lokacin 'yan gida ke ɗauka karatun nata bai wuce gyara wa mutane agogon waya ba, ta ce a ba ta tsohon talabijin ɗin da ke jikin bangon shago.

Ga abin da ta yi. Ta buɗe wa Baba fayil ɗaya a tsohon laftof ɗinta, fayil na rubutu zalla, ba hoto ba ado, ta sa masa suna baba.txt, ta bar masa laftof ɗin a ɗakinsa. Sannan ta rubuta wani ɗan shafi da ake buɗewa a burauzar talabijin ɗin shago. Shafin shi kansa fanko ne, ba shi da maganar kansa ko ɗaya. Aikinsa kawai ya riƙa leƙawa sama yana tambayar fayil ɗin, akwai sabo? In akwai, ya ɗauko ya baje a allo da manyan haruffa, ya yi ƙilin. Wanda ke hawa da tambayar ya sauko da amsar, safe da yamma, ba ƙafa ba gajiya, shi ne marigayin.

Ranar da aka fara, duk an tsaya ana kallon allo kamar ana jiran sakamakon jarrabawa. Auta tana tsammanin Baba zai rubuta godiya, ko addu'a, ko dai wani abu mai sa hawaye. Allo ya yi ƙilin. Abin da ya fito shi ne: "Wa ya bar keke na biyu ba mai?"

Hawayen sun zo duk da haka. Yaya Babba, wanda ke riƙe da shagon tun kwanciyar Baba, ya juya baya yana neman almakashin da ke hannunsa. Mai Guga, wanda ya girmi Yaya a shagon, ya ce, "Maigida ya dawo." Ya kuma yi sauri ya ɓoye kwalbar lemon da ya ajiye a kan yadin kwastoma.

Masu sanarwa suna shaidar marigayin da halaye na gari. Bai taɓa ƙara gishiri a saƙo ba. Bai taɓa rage zagi don a ji daɗi ba. In Baba ya rubuta cewa wuyan rigar da Yaya ya yanka ya fi kama da bakin rijiya, haka marigayin zai sauko da shi, a gaban mai rigar. Bai san cin hanci ba. Mai Guga ya sha tsayawa ƙarƙashin kabad yana lallashinsa ya yi jinkiri ko na ɗan lokaci ne, fitilunsa kawai yake ƙifta masa.

Ba mai yawan magana ba ne. Abin da aka san shi da shi shi ne wani siririn kuka da adaftarsa ke yi, tsiiii, wanda ba a ji sai an kashe kekuna lokacin cin abinci. In an danna masa ɗan maɓallin baya da tsinken allura kuma ya ce ƙit, ya rufe ido, ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya kamar wanda aka tasa daga barcin rana. Iyakar kalamansa a duniya ke nan, tsiiii da ƙit. Sauran duk maganar Baba ce.

Ya sha zargi a kan laifin da ba nasa ba. A farkon zuwansa, duk harafin da ke da ƙugiya sai ya iso ƙasa ya koma alamar tambaya. Baba ya rubuta ƙarya, allo ya nuna ?arya. Ya rubuta ɗan banza, allo ya nuna ?an banza. Mai Guga ya ce ai tambaya ce Maigida yake yi, tambaya kuma ba zagi ba ce, ana iya amsa ta da a'a. Aka ce marigayin ne ke cinye ƙugiyoyin a hanya saboda yunwa. Daga baya Auta ta gano fayil ɗin da shafin ne ba su daidaita a kan yadda ake karanta haruffa ba. Ta gyara, zagi ya riƙa isowa da ƙugiyarsa lafiya lau. Babu wanda ya hau kujera ya ba marigayin haƙuri.

Kunnensa ɗaya kuwa, Mai Guga ne ya rataya masa hanga da babbar riga jiƙaƙƙiya, wai na ɗan lokaci. Eriyar ta karye. Auta ta ɗaure ta da ƙyalle shuɗi, ta ci gaba da lanƙwasa kamar kunnen akuya. Da ɗayan kunnen ya ƙarasa aikinsa a duniya.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata masu ta'aziyya su sani, domin su ne suka haɗu suka zama abin da ya zama.

Na farko, sandar Baba. In ya rubuta abu ya ji ba a motsa ba, sai ya buga sandarsa a ƙasan ɗaki, dum, dum. Ma'anar bugun a shagon ɗaya ce tal, a duba allo. In bugun ya yi ƙarfi, a duba allo kuma a yi sauri. Haka nan in ana son shawararsa, Yaya ya tsaya gindin matakala ya ɗaga murya ya yi tambaya, sannan a juya a kalli bango. Abin ya yi daɗi, ya yi sauƙi. Har ya zama in ka cire kai abinci da safe da taimakon wanka da yamma, matakalar nan tana wuni babu wanda ya taka ta.

Na biyu, jan turanci. Wata rana marigayin ya yi ɗan suma, shafin ya leƙa sama bai samu fayil ba, sai ya cika allo da wani jan turanci mai tsawo. Wata kwastoma ta karanta rabi, ta ce tsohon ya fara zagi da turanci, ta kwashe yadinta ta tafi. Da labari ya kai wa Baba ya rubuta: "Ba na son kowa ya yi magana a allona sai ni." Auta ta bi umarni. Ta gyara shafin yadda in ya je bai samu fayil ba, ya yi shiru, ya bar maganar ƙarshe a inda take har a samu sabuwa. Ta so ta sa lokaci a gefe, Baba ya ce yana rage wa haruffansa girma. Ta cire. Ta yi haka ne don kada allon ubanta ya taɓa zama babu murya.

Jinyar marigayin ta daɗe. Tururin guga yana hawa kansa kullum. Jikinsa ya riƙa zafi, farinsa ya koma ruwan ƙwai, adaftarsa ta kumbura. Yakan ɗauke numfashi, a kashe a kunna, ya dawo. Maganin da ya samu a hannun iyalansa shi ne mari a ƙeya daga Mai Guga, da alkawarin Yaya cewa wata mai zuwa za a duba lamarinsa. Auta ta sha cewa a sauya adaftar. Ita ma ta sha mantawa.

Ranar rasuwar, Auta ta fita makaranta tun safe. Akwai wani buhun ragowar ƙyallaye da ya daɗe a bakin ƙofa, Mai Guga ya yi tuntuɓe da shi, Yaya ya tsaya gindin matakala ya ce, "Baba, buhun ƙyallen nan fa?" Allo ya yi ƙilin: "A fitar da shi, ya tare hanya." Aka fitar. Wannan shi ne saƙo na ƙarshe da marigayin ya sauko da shi. Jim kaɗan aka ɗauke wuta, aka tada janareta, wutar ta shigo da ƙarfi. A cikin wannan rugugin ya cika. Babu wanda ya ji. Fitilunsa suna saman kabad, kowa kuma kansa yana kan allura. Talabijin ya dawo, shafin ya dawo da abin da ya riƙe, yana leƙawa sama yana dawowa hannu rabbana, yana yin shiru kamar yadda aka koya masa.

Da rana mai sayen tsofaffin ƙarafa ya tsaya da kurarsa a ƙofar shago. Idonsa ya faɗa kan keken Inna.

Inna ita ce mahaifiyar su Auta, ta rasu tun Auta tana firamare. Kekenta baƙi ne, na takawa, yana kusurwar shago a rufe da zane. Ba a ɗinki da shi. Baba ne kaɗai ke sa masa mai, da ya kwanta kuma Auta ta gaje shi. Yaya ya daɗe yana neman wurin da zai sa sabon keken lantarki, bai taɓa samun bakin tambaya ba. Ranar ya samu. Masu sanarwa suna so a rubuta, a kuma riƙe, cewa Yaya ya tambaya. Ya je gindin matakala, ya cire hularsa ma, ya ɗaga murya sama da janareta ya ce, "Baba, ga mai ƙarafa yana son keken Inna. In ba ka so, a bar shi."

Ya juya ya kalli bango. A fitar da shi, ya tare hanya.

Yaya ya tsaya. Ya ce wa Mai Guga, "Kai, wannan ba na ɗazu ba ne?"

Kafin Mai Guga ya amsa, sanda ta sauka a sama. Dum, dum.

"Ka ji," in ji Mai Guga. "Ya ce ka duba allo."

Suka duba. A fitar da shi, ya tare hanya. Suka kama keken, ƙafafunsa na ƙarfe suna kuka a kan siminti, irin kukan da duk wanda ke sama zai gane. Sanda ta ƙara ƙarfi. Suka sake dubawa, suka ƙara sauri. Mai Guga har yana cewa, "Yi haƙuri Maigida, yanzu za mu fitar." Yaya ya ce bai taɓa jin Baba ya buga sanda haka ba, har ƙura tana zubowa daga silin, ya kuma ji zafin abin a ransa, wai ashe haka Baba ya gaji da ganin kayan Inna. Da kurar ta bar ƙofa, bugun ya tsaya. Suka ce to, hankalinsa ya kwanta.

Da yamma Auta ta dawo. Kusurwar ta fara gani, da sawun ƙafafun keken guda huɗu a kan siminti, wurin ya fi ko'ina haske. Ta kalli allo. Ta ɗaga kai saman kabad. Ta hau kujera ta ɗora tafin hannunta a bayan marigayin, wanda tun da ta san shi bai taɓa rabuwa da zazzaɓi ba. Ya yi sanyi.

Ba ta tuna yadda ta hau matakalar ba. Baba yana kwance ya juya wa ƙofa baya. Sandar tana ƙasa, robar bakinta ta tsage. Abincin safe yana nan a rufe. Laftof yana buɗe a kan ɗan teburinsa, fayil ɗin yana buɗe, babu komai a ciki. Duk abin da ya wuni yana rubutawa da yatsa ɗaya na hagu, ya goge shi tas, ya kuma adana shi a haka. Me ya rubuta? Ya yi umarni ne, ko zagi, ko roƙo? Baba bai taɓa roƙon kowa ba a shagon nan. Auta ta fi tsoron a ce ranar ya yi.

Ta durƙusa ta yi masa bayani. Ta ce rauta ne ya mutu, Baba, ba su ga komai ba, tsohon saƙo suke gani. Ta ce ni na hana shafin yin magana. Ta faɗa da Hausa, ta sake faɗa a hankali. Ya ji, domin kunnensa lafiya lau. Bai juyo ba.

Yaya da Mai Guga sun bi sawun mai ƙarafa har filin da ake tara kaya. Sun tarar an riga an farfasa keken, kan keken ya tafi a wata mota. Abin da suka samo shi ne ƙarfen takawa, mai zanen furanni, wanda ƙafar Inna ta goge tsakiyarsa har yana sheƙi. Yaya ya rungumo shi a ƙirji ya dawo da shi a ƙafa. Ya kai ƙofar ɗakin Baba ya kasa shiga, ya jingine shi a bango. Sabon keken lantarkin har yau bai shigo ba. Kusurwar tana nan fanko, kowa yana zagaye ta kamar akwai abu a wurin.

Marigayin ya bar talabijin ɗaya mai kallon bango, da laftof mai tari, da shafi maraya, da fayil ɗin da ba kowa a ciki. Ya bar adafta kumburarriya, wadda likitoci suka ce ita ma ba za a yi dogon zance ba. Ya bar wayoyin maƙwabta da dama, waɗanda har yanzu suke neman sunansa in sun wuce ƙofar shago. Ya bar Mai Guga, wanda ya daina marin kowane irin na'ura. Ya bar Yaya, wanda ya daina ɗaga murya a gindin matakala. Ya bar Auta.

An kawo magajinsa, baƙi mai kunne huɗu, mai sheƙi, wanda har yanzu ba a sa masa suna ba. Auta ta haɗa komai. Ta sa lokaci a gefen allo, ta sa shafin ya riƙa faɗa da babbar murya in ya je sama bai samu kowa ba. Komai yana aiki. Shafin yana hawa, yana samun fayil, yana saukowa da shi lafiya. Fayil ɗin ne babu komai. Allo fari fat, lokaci yana tafiya a gefe. Auta ta ce da a ce lalacewa ce da ta san inda za ta taɓa. Kwana da kwanaki kekuna suna gudu babu mai cewa bel ya saki. Mai Guga ya ajiye kwalbar lemo a kan yadin kwastoma da gangan, ya buga ta da ƙarfi yadda za a ji a sama, ya tsaya yana kallon bango. Babu ko alamar tambaya.

Gawar kuma tana kan teburin yanka, an rasa yadda za a yi da ita. Jiya aka zauna shawara. Yaya ya ce a jefa a shara. Auta ta ce ba za a jefa ba. Mai Guga, wanda bakinsa ke riga hankalinsa fita, ya ce to a ajiye wa mai ƙarafa in ya sake zagayowa. Shagon ya yi tsit, irin tsit ɗin da a da ake jin tsiiii a cikinsa.

Allo ya yi ƙilin.

Auta ta duba lokacin da ke gefe kafin ta duba maganar. Na yanzu ne. Ta karanta a fili: "Ba a ba mai ƙarafa. Shi ya mutu ne. Ku kuna da rai. A kawo min shi sama. Da ƙafa."

Saboda haka ga yadda aka tsara jana'iza. Za a yi ta gobe bayan an rufe shago. An riga an goge gawar da man keke, an naɗe ta a ƙyalle shuɗi, irin wanda ke kunnenta. Auta ce za ta ɗauke ta. Yaya zai biyo baya da ƙarfen takawar Inna, wannan karon kuma zai shiga da shi har ciki. Mai Guga zai zo a ƙarshe, an roƙe shi kada ya rataya komai a jikin kowa. Za a ajiye marigayin a kan tagar Baba, kusa da ƙarfen, inda babu tururi. Zaman makoki a ɗakin Baba za a yi, a zauna a kan daɓe, domin kujera ɗaya ce. Ba a yi alkawarin Baba zai juyo ba. An dai ga ya sa an gyara masa filo yana fuskantar ƙofa.

Masu son yin ta'aziyya, iyalan suna roƙo kada a turo saƙo, kada a bugo waya, kada a tsaya a gindin bene a ɗaga murya. Matakalar tana hannun hagu, bayan teburin guga. Siririya ce, a kama bango. In kuma ana cikin shago aka ji bugun sanda, kada a duba allo. A hau.